Ɗakin Kwamfuta Ya Koma Hannun Kamfani

Garwa, Litinin

Halime,

Sallama da fatan alheri. Yaya jikin Inna, yaya su Muhaimin da ƙurar simintin Figil?

Jiya na duba littafin da nake rubuta al'amuran kullum, na ga tun bara nake miki alkawarin za ku dawo Garwa idan jami'a ta sabunta kwantiragina. Ranar Laraba kwamiti zai zauna a kan ɗakin kwamfutar da nake kula da shi. Kin tuna lokacin da lasisin kamfani ya ƙare, ni da Malam André muka saka manhajar kyauta, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Ɗalibai suna kwafarta su tafi da ita gida. Ina ganin za a yaba. Wataƙila kuma ni kaɗai nake ganin haka.

Ki fara ɗaure kaya a hankali.

Mijinki,
Lukmanu

Garwa, Alhamis

Halime,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna.

An zauna. Wasu malamai sun ce abin da ba a saya ba, ba shi da wanda za a kama idan ya lalace. Wasu sun ce ɗaliban da suka koya a kansa ba za su samu aiki a ofis ba. Malam André, wanda ya iya kare ta, ya koma Ngaundere, babu mai amsa musu. Da aka waiwayo gare ni, na ce ni ne nake gyarawa. Muryata ta yi ƙasa, ban san ko sun ji ba. Na shirya bayani mai kyau, amma takardar ta tsaya a aljihuna.

Ki taya ni addu'a.

Lukmanu

Garwa, Asabar

Halime,

Da fatan kun tashi lafiya.

Za a sayi lasisi, kamfanin kuma zai riƙa gyara daga Yawunde. Kasafin ba zai ɗauke su da ni ba, don haka ba za a sabunta kwantiragina ba. Aikina na ƙarshe shi ne in goge abin da muka saka. Na yi shi kwamfuta bayan kwamfuta, ban tsallake ko ɗaya ba. Wata ɗaliba, Arlette, ta tsaya a ƙofa da filashinta tana so in kwafa mata manhajar kafin in gama. Na kwafa mata.

Ki kwance kayan. Kada ki faɗa wa Muhaimin komai tukuna, ya riga ya gaya wa abokansa zai ga gadar Binuwai. Ki ce masa Baba ne zai zo.

Naki,
Lukmanu