Gwaggo Ta Ce Ba Ta Zuwa Asibiti Tana Da Likita A Gida

Malama, don Allah ki taimaka mini, kaina ya kulle. Ɗalibar likitanci ce ni, bana aka tura mu sashen cututtukan fata, kuma tun da na shiga ban ƙara yarda da idona ba. Littafi ya ce wurin zai yi ja. Ni kuwa na duba fatar mutanenmu na gaji, ban ga ja ba, sai duhu-duhu kawai. Na tara hotuna a waya ina haddacewa, amma da an ɗaga hannun rigar marar lafiya sai makero da kirci da ƙazuwa su zame mini 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Babban likitanmu kuma ba ya barin a faɗi sunan cuta. Da ka buɗe baki sai ya ce shi ba suna ya zo ji ba, ka gaya masa abin da ka gani. Ni kuwa sunan na haddace.

Ba ma wannan ne ya sa na rubuto ba. Gwaggona ce, ƙanwar babana, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama, da keken ɗinkinta ta kai ni inda nake. Wani tabo ya fito mata a damtse, yana ƙaiƙayi. Maƙwabciyarta ta ba ta wani man shafawa na kyamis, irin wanda ake cewa yana maganin komai. In ta shafa sai ya lafa, in ta bari ya dawo ya fi da faɗi. Ranar da na je hutu ta yi wanka ta mulke jikinta da basilin, ta zauna bakin keke ta miƙo mini hannu, wai likita ta duba. Na duba, na juya, na haska da fitilar waya. Ba gefe irin na makero, ba ɓawo irin na kirci, wuri ne kawai yana sheƙi. Na ce mu je asibiti. Ta yi dariya ta ce ita da ta dafa likita a tukunyarta, me zai kai ta bin layi? Wai ko dai karatun ne bai nuna ba a mayar da ni wuta.

Yanzu kullum sai ta aiko hoto, kuma ta rantse in ban da man maƙwabciya ba ta shafa komai sai abin da na faɗa. In na ce ban sani ba, na kunyata ta gaban maƙwabtan da take yi wa alfahari da ni. In na ambaci magani kuma na yi kuskure fa? Ga tabon ya fara gangarowa gwiwar hannu. Wani lokacin sai in ce kirci ne, da safe in ce makero. Anya ma na dace da aikin nan?

'Yarki da ta rasa tudun dafawa

*

'Yata, kwantar da hankalinki. Idonki lafiyarsa ƙalau, kuma wasiƙarki ta fi ki sanin aiki. Ki sake karanta ta.

Kin ce tabo yana lafawa in an shafa man, ya dawo ya fi da faɗi. Yawancin irin waɗannan mayuka akwai sitiroyid a ciki, mai kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. In makero ne, sai ya share masa da'irar nan da ake gane shi da ita, cutar kuwa tana ci ta ƙarƙashi. Kin kuma ce ta mulka basilin kafin ta nuna miki. Haka iyayenmu suke, ba sa zuwa gaban likita da fata a bushe, gani suke rashin tsafta ne. Amma mai yana kwantar da ɓawo, ɓawon kuwa shi ne shaidar da kike nema. An rufe miki tabon sau biyu, sannan kika zargi kanki da rashin gani. Ban ce makero ne ba, don ni ma ban gan shi ba. Na ce dai a yadda yake, ko babban likitanku ba zai yanke hukunci daga hoto ba.

Shi ma ba wulaƙanta ku yake yi ba. Wanda ya fara da suna, abin da ya dace da sunan kaɗai yake gani. Ki fara da tambaya: yaushe ya fito, me aka shafa, akwai mai susa a gidan? Ƙazuwa ba ta cika zama jikin mutum ɗaya ba, kuma tsakanin yatsu take so. Kirci ya fi son lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. Sai ki duba a hasken rana, ba fitilar waya ba, ki sa safar hannu ki taɓa. Jan da littafi yake faɗa, a fatarmu yakan zo da duhu, ko ruwan toka, ko ɗumi da tudu da yatsa zai ji kafin ido ya gani. Hotunan wasu fatun kika haddace, yanzu ki koyi tamu.

Gwaggo kuwa ba taurin kai ne ya hana ta asibiti ba, alfahari da ke ne, kuma ta biya kuɗin wannan alfaharin da ƙafarta a kan keke. Kada ki karya shi. Amma kada ki saya mata shi da fatarta. Kar ki ambaci magani ko ɗaya. Tunda ta rantse sai abin da kika faɗa, to ga abin da za ki faɗa: likita ta ba da umarni a ajiye man maƙwabciya, a zo sashenku da kwalinsa a hannu, kuma ranar kar a shafa komai a wurin bayan wanka. Ki gaya mata ƙaiƙayin zai iya tashi in ta bar man, kada ta tsorata ta koma masa. A can za a ɗan kankari ɓawon a duba a madubin likita, ba zafi.

Ki roƙi babban likitan ya bar ki ki gabatar da ita da bakinki, daga tambaya har abin da kika gani. Gwaggo so take ta ga likitarta tana aiki. To ki kai ta inda za ta gan ki da farar riga. Na tabbata kafin ku iso gida maƙwabta sun ji labari.

Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya buɗa miki ido da ƙirji. A gaida mini Gwaggo, a ce mata tukunyarta ba ta yi ƙarya ba, saura dai ɗan turara.