Sunaye Bakwai a Silin Mashayarmu

Litinin, 5 ga Maris, 1962

Yau guntun filasta ya faɗo daga silin cikin kofin giyar tsoho Horace. Ya ɗaga kofin ya ce, "Doreen, wannan ƙarin na gida ne ko shi ma biya zan yi?" Kowa ya yi dariya ban da ni. Cyril, mijina, ya kalli sama ya kalle ni, ya ci gaba da goge tebur.

Laraba, 7 ga Maris

Cyril ya kawo Wilf magini. Ya hau tsani ya ƙwanƙwasa, ya ce ruwa ya gama cinye katakon, silin ɗin duka sai an sauke. Na ce kada wanda ya taɓa. Ya ce, "To ki sayo wa mashaya hular kwano."

Ba su gane ba ne, ko sun gane suna yi da gangan. Lokacin yaƙi, duk ayarin jirgin bom da aka turo filin da ke bayan ƙauyenmu, nan suke zuwa su hau kafaɗun juna su rubuta sunayensu a silin da hayaƙin kyandir. Sunayen ayarin Lorne, saurayina a lokacin, na can saitin taga, su bakwai. Ni na riƙe masa kyandir ɗin, kakin ya ƙona ni, ya ce ai in an ɗaura mana aure zan saba da wuta. Shi ne mai bindigar wutsiyar jirgi. Suka tashi wata yamma a 1943, shi ke nan. Ko teku, ko ƙasar Jamus, babu wanda ya sani. Kabari babu. Wannan baƙin hayaƙin ne kaɗai abin da hannunsa ya bari.

Asabar, 10 ga Maris

Na kasa zama wuri ɗaya. Na wanke kofunan da na riga na wanke.

Lahadi, 11 ga Maris

Bayan coci na taka har tsohon filin. Sai kabeji da hankaki. Na tsaya inda muke tsayawa muna ɗaga musu hannu, iska ta kore ni. Da na dawo muka yi cacar baki da Cyril. Na ce masa, "Kai da ciwon asma ya hana ka zuwa yaƙi, me ka sani?" Bakin nan nawa! Ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Dor. Ni ma a ɗakin nan nake." Ya fita ba ko hula. Na ji kunya, amma ban bi shi ba.

Talata, 13 ga Maris

Wilf zai fara jibi. Ban ce eh ba. Na dai daina cewa a'a, don jiya wani guntun ya kusa samun 'yar maƙwabta.

Alhamis, 15 ga Maris

Da safe na ji ƙarar zarto tun Wilf bai iso ba. Na sauko na tarar da Cyril kan tsani, ƙirjinsa na kuka, yana yanka kewaye da sunayen. Ya tokare faifan katako daga ƙasa, wai ya sauke wurin ɗungurungum. Ya ce, "Koma sama mana, kin ɓata min shiri."

Ya kusa gamawa. Wallahi ya kusa. Sai filastar ta tsage ta tsakiya, ta zube gaba ɗaya kamar busasshen burodi, zarton ya zame ya yanke shi a tafin hannu.

Ya zauna cikin ƙura yana tsintar ɓaraguzai, yana jera su, jini na ɗiga. "Yi haƙuri, Dor. Na ɗauka zan iya." Na fizge hannun na ɗaure da tawul ɗin kofuna. Don kada in fashe da kuka na shiga kiran sunayen. Alec. Taffy. Stan. Ginger. Ron. Lorne. Sai na tsaya cak. Na bakwai ya ɓace mini, ni da nake taƙama babu mai riƙe da su sai ni.

Cyril ya ce, "Norris. Mai duba wa jirgin hanya. Shi ne ya rubuta nasa a karkace."

Na ce ina ya sani? Ya ce, "Wa kike tsammani yake share musu yanar gizo-gizo duk shekarun nan?"

Juma'a, 16 ga Maris

Ɗinki a asibiti. Cyril ya hana Wilf zubar da ɓaraguzan gefen taga, suna cikin bokiti a bayan mashaya. Ban san abin da zan yi da su ba. Cyril ya ce babu sauri.

Asabar, 24 ga Maris

Sabon silin fari fat, har ido yake kashewa. Horace ya ce kamar yana shan giya a ɗakin tiyata.

Wani baƙo mai tallan takin zamani ya ga hoton Lorne da ke bayan kanta, ya ce wane ne wannan saurayi? Kullum amsata ɗaya ce, bai dawo ba. Yau sai na ji bakina ya ce, "Ya rasu a yaƙi." Cyril na gefe yana fama da murfin kwalba da hannu ɗaya. Bai ɗago ba, ni ma ban kalle shi ba. Na karɓi kwalbar na buɗe masa.