Hotunan da Ba Zan Ƙona Ba

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga Jidda. Yaya jikin Inna? Yaya Habiba da yara? Mu nan unguwar Nuzla sai godiya.

Saƙonka ya iso ta bakin Alhaji Bala, wai in ƙona hotunan da na ɗauka a ƙasar Sikotilan, can Turai, saboda mutane na magana. Yaya, ba zan ƙona su ba.

Ƙwarai na je. Iyalan kafilina, wanda nake aiki a gidansa, su ne suka tafi da ni hutu don in yi musu girki. Wani ƙauye ne can bakin teku, gidajensa farare, tumaki sun fi mutane yawa, duwatsu kuwa kawunansu na cikin gajimare. Uwar ɗakina ta ce, "Yalla Rabi, karɓi kyamara." Na ɗauki teku, na ɗauki duwatsu. Wata tsohuwa mai sayar da kifi ta ɗauke ni hoto, ina lulluɓe da mayafina.

Tun rasuwar maigidana ban ga fuskata da dariya ba sai a hoton nan. Ga shi na haɗo maka. Duk wanda ya yi magana, ka nuna masa.

A gaishe min da Inna, ta sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Rabi