Darasin Dole da Aka Cire

Zuwa ga Kakana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Ya ƙarfin jiki, ya ƙafar? Baba ya ce ko an kira ka a waya ba ka ji, sai dai ka yi ta cewa "to, to" har a kashe. Shi ya sa na koma takarda. Direban motar da ke bi ta layinku zai riƙa kawo maka.

Angona, albishirinka, zan zo. Amma kada ka yi saurin fasa kai, dole ce ta sa. A jami'ar nan akwai darussan da ake ce wa na gama-gari, kowa sai ya yi su ko me yake karantawa, in ba haka ba babu digiri. Ni da na zo koyon haɗa magunguna, ga ni ana koya mini tarihin al'umma a zauren da ko wurin tsayuwa babu. Malamin ya ce kowa ya nemi wanda ya haura shekara saba'in, ya zauna da shi, ya naɗi labarin aikinsa da zamaninsa, wai shi ne rabin maki. Na ce ai ni ina da nawa tsohon a ajiye, ba ya zuwa ko'ina.

Hutun tsakiyar zango zan taho in ɗan kwana biyu. Ka fara tuno abubuwa.

Ka huta lafiya,
Amaryarka

*

Zuwa ga Jikata,

Amin wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, takardarki ta same ni lafiya. Ƙafa tana nan yadda kika san ta, daga gado zuwa kujerar bakin taga take kai ni, sai ta ce ta gaji.

Ki daina zagin darussan nan. A zamaninmu wanda zai zama akawu ma sai ya san ƙasusuwan jiki da sunayen koguna, kuma ba mu mutu ba. Mai ba da magani mutane zai ba, ya kamata ya san daga ina suka fito. Wanda ya tsara muku wannan ya yi tunani, Allah ya yi masa albarka.

Na sa matar tela, maƙwabciyata mai kawo mini abinci, ta buɗe ɗakin marigayiya kakarki ta share. An shanya katifa, an gyara sakatar taga. Na kuma fara gwada maganar da zan yi miki, domin na gano muryata ta dushe saboda rashin amfani. Wuni guda yakan wuce ban ce komai ba sai sallama da godiya. Yanzu da hantsi nakan fuskanci bango in ba shi labarin yadda muka ja bututun ruwa na farko zuwa unguwar nan, ina ofishin ruwa ina buga takardu. Jiya matar tela ta leƙo da sauri, ta ɗauka baƙi na yi.

Ki zo da abin naɗar maganar mai ƙarfi, labarin da yawa. Amarya mai zuwa sai an yi mata dole, na dai gode.

Allah ya ba da sa'a,
Kakanki

*

Kakana,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Na yi dariyar labarin bango har 'yar ɗakinmu ta tambaye ni ko lafiya.

Wata alfarma nake nema. 'Yan ajinmu sun gaji. Lokacin darasin tarihin nan ya ci karo da na ɗakin gwaje-gwaje, kullum sai mun bar ɗaya mun ruga ɗaya, ga wasu har sun fara faɗuwa a ainihin abin da ya kawo su. Muka rubuta takardar koke a cire wa sashenmu shi, shugaban sashe ya dawo mana da ita, ya ce ba haka ake yi wa hukuma magana ba. Ni aka ɗora wa gyaran. Baba ya ce duk shekarun da ka yi a ofishin ruwa ba a taɓa dawo maka da takarda ba. Ga ta nan na haɗo, don Allah ka sa mata hannu.

Na san kai ɗan goyon bayan darasin ne, amma ka tausaya wa amaryarka. Ko an cire ai zan zo in na sami sarari.

Taka,
Amarya

*

Jikata,

Bayan gaisuwa. Ga takardarku na mayar.

Da ta zo na ajiye ta a kan tebur na ɗora kofin shayi a kai. Na yi niyyar in ce miki idona ba ya gani sosai, kuma da ba ƙarya na yi ba. Sai tsautsayi ya sa na karanta layin farko. Kun fara da zargi, kun ɓoye buƙatarku a can ƙasa, kun kira malamai marasa tausayi, sannan kuna so su tausaya. Hannuna bai taɓa iya barin takarda a karkace ba. Na cire fushin, na kawo buƙata sama, na bar hujja ɗaya tak, wato karon lokaci da ɗakin gwaje-gwaje, domin ita ce ba za su iya musawa ba. Sai da na yi ta hutawa kafin na gama. Ki sa a buga ta yadda take, kada a ƙara komai.

Matar tela ta same ni a kai, ta tambaya, na gaya mata. Sai ta ce, "To Baba, in suka yarda, wa zai kwana a ɗakin da na share?"

Na ce mata wannan ba ya cikin takardar.

Ra'ayina kan darasin bai canja ba. Amma ba a tambayi ra'ayina ba, gyara aka ce in yi.

Allah ya yi miki albarka,
Kakanki

*

Angona na kaina,

Ina gaisuwa. An yarda! Majalisar jami'a ta cire wa sashenmu darasin daga wannan zangon, har aikin hirar ma an yafe mana. 'Yan ajinmu sun ce in gaishe ka, wata ma ta ce in ba na so ta ƙwace mini kai.

Sai dai sun mayar da hutun tsakiyar zango lokacin cike gurbin gwaje-gwajen da muka rasa, babu mai fita. Dogon hutu kuma za a tura mu asibiti koyon aiki, ban san inda za a kai ni ba tukuna. Da na ga hanya zan sanar da kai. Sauran sassa dai suna nan suna fama da neman tsofaffi, su suka sani.

Ka riƙa shan maganinka a kan lokaci. Ka gaida matar tela.

Amaryarka

*

Zuwa ga Malamin Darasin Tarihin Al'umma,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma.

Ni tsohon akawu ne na ofishin ruwa, na haura shekarun da ka ƙayyade da nisa. Na sami labari ɗalibanka na wasu sassa suna neman wanda za su yi hira da shi. Idan akwai wanda bai samu ba, namiji ko mace, ina roƙon a ba shi kwatancen gidana da ke bayan wannan takarda. Akwai ɗaki a share, ba sai ya kawo komai ba. Kunnena ya yi nauyi, sai ya zauna ta hannun dama ya ɗaga murya. Labarin a shirye yake.

Ba na jin waya. Amsa ta hannun direban da ya kawo wannan za ta same ni, kullum ina gida. In da hali, a cikin wannan zangon.

Naka mai biyayya,
Tsohon akawu