Rikodar Baba ba daga Makka ta zo ba

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. A ɓoye sunana don Allah, kuma a tausaya kafin a zage ni, ni ma na zagi kaina har na gaji.

Daga Suleja nake. Bara Allah Ya kira ni aikin hajji. Mahaifina tsoho ne, idonsa ya tafi, bai taɓa sauke farali ba. Da zan tafi abu ɗaya ya roƙa: 'yar rikoda mai abin sawa a kunne, wadda aka sayo kusa da Harami, ya riƙa jin karatun Alƙur'ani. Ni kuwa na shagala da sayen darduma da agoguna, wallahi ban tuna ba sai da jirgi ya sauke mu a Abuja. Ina zan kai fuskata? Aminina da muka tafi tare, bari in kira shi Ɗanjuma, shi ya ja ni wani shago a cikin filin jirgin inda ake sayar da batir, wayoyin tarho da kaset. Shi ya zaɓi wata rikoda, shi ya kankare takardar farashin da farcensa, ya ce makaho ina zai gane, kuma maganar ta mutu a nan. Na yarda, ban ce tilasta ni ya yi ba.

Baba ya karɓa da hannu biyu yana kuka. Har jaka ya sa aka ɗinka mata, ba mai taɓa ta sai da alwala. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya sa masa a kunne, ya ce ji abin da ɗana ya kawo daga Makka.

To, makon jiya a wurin wani suna a unguwar Magajiya, Ɗanjuma ya kwashe labarin kaf ya zuba wa jama'a, har da kwaikwayon yadda Baba ke shafa jakar. Don me? Don a yi dariya kawai! Mutumin da muka tashi tare tun firamare, muka yi ɗawafi kafaɗa da kafaɗa! Da na tare shi cewa ya yi wai wasa ne, in daina ɗaukar abu da zafi. Ni ya tona wa asiri, na ji, na cancanta. Tsohon nan me ya yi masa? Wallahi na tsani Ɗanjuma.

Jiya Baba ya kira ni ɗakinsa, ya lalubo hannuna ya ɗora a kan rikodar. Ya ce, "An kawo min wata magana, na ce ɗana ba ya min ƙarya. Ko ba haka ba ne, Alhaji?"

Na ce ana kiran salla, na fice. Har yanzu ban koma ba, kuma an ce tun jiya bai kunna ta ba. In na faɗi gaskiya na raba shi da abu ɗaya da yake taƙama da shi, in na musa na ƙara wata ƙarya a kan ta farko. Jama'a, me zan yi?