Rigar Ulun Isidro

Tumbes, Afrilu 1904

Zuwa ga mijina Baldomero,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka da ƙafafunka biyu da hankalinka. Ni da Rosalba lafiya lau, sai dai ta yi tsayin da ba za ka gane ta ba.

Ina cikin gyaran kifi Fada, limamin cocinmu, ya iso yana haki da jarida a hannu, ya ce jirgin Turawan nan da ya kwashe ku zuwa ƙasar ƙanƙara ya fito, yana Punta Arenas. Sai ganina na yi zaune a ƙasa da wuƙar a hannu.

To tsohona, gara ka ji daga bakina: mun binne ka. Kada ka ɓata rai. Wata shida kuka ce, aka shekara biyu ko ɗuriyarku babu. Sai muka yi maka abin da ake yi wa duk wanda teku ta riƙe. Na shimfiɗa wandonka na zuwa coci da farar rigarka a kan tebur, aka kunna kyandir aka yi addu'a, sannan aka sa su a ɗan akwati aka kai kan tudu, inda kaburbura ke kallon ruwa. Ƙanenka ya yi kuka har da majina, kuma shi ya cinye rabin abincin makokin.

Inna Petronila ce kaɗai ta ƙi. Aka yi, aka yi ta kawo kayan ɗanta Isidro a haɗa ku rana ɗaya, ta ce ita ba ta binne ɗan da ba ta ji mutuwarsa a jikinta ba. Aka ce tsohuwa ta zare. Yau kuwa sai ka gan ta a bakin ruwa, kowa ta tare ta ce ai ta faɗa. Jaridar ba ta kawo sunaye ba, saboda haka ka ce wa malalacin abokin naka ya zana kifinsa a ƙasan amsarka, kamar yadda ya yi a takardarka ta ƙarshe, tun da ya ƙi koyon rubutu.

Wane jirgi za ku biyo? Allah ya kawo ku lafiya.

Matarka, Fidelina

Punta Arenas, Mayu 1904

Zuwa ga Fidelina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Rosalba. Na sami takardarki. Ban ɓata rai ba, abin da ya kamata kika yi.

Isidro ya rasu. Ƙanƙara ta kama jirginmu tun kakar farko, ta riƙe shi gam, tana yawo da mu inda ta ga dama. Rana ta faɗi ta yi watanni ba ta fito ba. Abincin gwangwani ya sa dasashinmu ya kumbura, haƙora suna girgiza. Likita ya ce sai mun ci naman wata dabbar ruwa da ake kira karen teku ɗanye-ɗanye. Ni na runtse ido na ci. Isidro ya ƙi, kin san shi da ƙyama, ya ce ƙarni yake yi. Kafin ya yarda ya ci, ƙafafunsa sun riga sun yi baƙi.

Babu ƙasar da za a haƙa. Ƙanƙarar muka sare har muka kai ruwa, muka ɗinke shi cikin tsumman filafilan jirgi, muka ɗaura ƙarfe a ƙafarsa. Kafin nan kyaftin ya raba kayan jikinsa, don a can ba a barin tufa mai ɗumi ta tafi da mamaci. Ni aka ba rigar ulun da Inna ta saƙa masa, mai jan layi a ƙirji.

Kada ki faɗa mata tukuna. Na sami aikin lodin ulu a tashar jiragen ruwa. Zan taho in na ɗan ji ƙarfi.

Ki gaida Fada da ƙanena.

Mijinki, Baldomero

Tumbes, Yuli 1904

Baldomero,

Ina gaisuwa, amma a gajarce, don raina a ɓace yake.

Na yi kukan Isidro a bayan gida, da tsumma a baki don kada a ji. Allah ya jiƙansa. Amma kai wane irin mutum ne? Ka ɗora mini gawa a ka, ka ce in yi shiru, kai kuma ka zauna kana lodin ulu kamar ba ka da gida. Jiragen kudu sun yi ta zuwa, kowanne sai na wanke Rosalba mun tafi tashar jiragen ruwa ta Talcahuano, mu dawo mu biyu.

Ka san abin da nake gani kullum? Inna Petronila ta shigo da burodi mai zafi, ta zauna a kan kujerarka, ta tambaye ni ko yaran sun rame. Ta shafa wa ɗakin Isidro farar ƙasa. Ta sayi ɗan alade tana kiwo saboda ranar zuwanku. Ni kuma in ce mata ai kin san maza da shiririta. Ni Fidelina, da ko a cinikin kifi ban iya ƙarya ba!

Rosalba ta daina tambayarka. Ranar Lahadi na neme ta na rasa, sai can na same ta a kan tudu tana cire ciyawa a kabarinka. Na ce mata babanta yana raye. Ta ce ta sani, amma wannan ne yake kusa.

In wata ka samu a can, ka faɗa mini in san inda na tsaya. In ba haka ba, ka taho gida.

Fidelina

Punta Arenas, Agusta 1904

Fidelina tawa,

Ina gaishe ki, ina kuma roƙonki ki karanta wannan a zaune. Babu wata mace. Da ma ita ce, da sauƙi.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Da muka saki Isidro cikin ramin ƙanƙarar, ƙarfen ya ja ƙafarsa, sai ya miƙe tsaye. Ruwan can garau yake, Fidelina. Na durƙusa a baki ina kallonsa yana sauka a tsaye, fari, a hankali, kamar mai jiran a kira shi. Turawan suka yi waƙarsu suka koma ciki. Likita ya ce mini a wannan sanyi jiki ba ya ruɓewa.

Tun daga ranar ban daina ganinsa ba. Ba a mafarki ba. Da rana tsaka, ina ɗauke da buhu, in na leƙa ruwan da ke ƙarƙashin gada sai in gan shi a tsaye. Ba ya magana, ba ya fushi. Ya gaji ne kawai, kuma babu inda zai kwanta.

Rigar tana jikina har yanzu. In na cire ta sai sanyin can ya dawo mini har cikin ƙashi, ko da kuwa a bakin murhu nake. To ta yaya zan sauka a Tumbes da ita? Inna za ta hango jan layin tun daga bakin ruwa, ta taho da gudu, ta tarar da fuskata.

Na yi ta tunani a kan kabarin nan. Mai rai kuka kwantar, mamacin yana tsaye. Wani lokaci ina ganin ba ku yi kuskure ba, don mutumin da ya tafi ba shi ne ya fito ba. Ki bar kabarin yadda yake, yarinya ta sami inda za ta riƙa zuwa. Ina ƙaunarku, shi ya sa nake tsoron kawo muku wannan sanyi.

Allah ya tsare ku.

Baldomero

Tumbes, Satumba 1904

Tsohona,

Gaisuwa. Ban faɗa mata ba. Ita ta ce in ba ta takardunka ta gani. Ba ta iya karatu, amma ta juya su gaba da baya tana neman kifi. Da ba ta gani ba ta ninke su ta miƙo mini. Sannan ta tambaye ni ko akwai abin da ya rage na jikinsa. Na karanta mata taka ta ƙarshe duka.

Ga saƙonta, yadda ta faɗa: "Ki ce wa Baldomero ya sauko da rigar a jikinsa. Ni zan cire masa da hannuna, na fara saƙa masa wata."

Jiya ni da ƙanenka muka haƙe kabarinka. Na wanke wandon da farar rigar, suna kan igiya suna shan iska, maƙwabta sai alamar gicciye suke yi a ƙirjinsu in sun wuce. Ramin mun bar shi a buɗe, kuma ba naka ba ne.

Ka taho da rigar mu kwantar da Isidro.

Matarka, Fidelina