Bakina da Burodin Sharafaddeen

Talata, 1 ga Oktoba, 2024

Kumburin ƙafa ya ɗan sauka. Sabuwar ƙwayar da aka ba ni a asibitin unguwa tana aiki, sai dai ta hana ni yin nisa da ban-ɗaki. An kwana ana ruwa, lungu duk caɓi, amma na lallaɓa da sanda zuwa gidan burodi bayan Asuba, kamar kullum.

Burodin yau bai yi mini ba. Wani ɗaci-ɗaci can ƙasan harshe. Na ce "Madalla" don masu shayi na tsaye da kwandunansu, amma a ciki-ciki na faɗa.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Ina zaune a kan bencin ƙofar gidan burodi na tuna marigayi Abdulmutallib mai gidan, Allah Ya jiƙansa. Shi ya ƙirƙiro wannan abu tun ina aikin gidan waya, ina biyowa da kekena da sassafe. Ya ce mutumin da ya daɗe gaban tanderu ba ya jin ɗanɗano, wuta ta riga ta gasa masa baki, saboda haka yana buƙatar bakin da ya yi barci. Burodin farko in ya fito, sai ya karyo kan burodin ya miƙo mini. In na ce "Madalla", masu shayi su fara lodi. In akwai gyara, in yafito shi in raɗa masa: gishiri ya yi kaɗan, kwaɓi bai gama tashi ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: in yabo ne in ɗaga murya, in gyara ne kunnensa kaɗai zai ji.

Da ya rasu, ɗansa Sharafaddeen bai canza komai ba. Ko a shekarun tashin hankali, da unguwarmu ta Kilomita Biyar ta koma kamar kurkuku, 'ya'yana suka bi manyan motoci zuwa Kamaru ba su dawo ba, tanderun nan bai mutu ba, bencin ma bai gusa ba. In ban da wurin nan, ban san wanda zai lura ko na tashi da safe ko ban tashi ba.

Matar Sharafaddeen, Amariya, ce dai. Ita ke gaban teburin sayarwa yanzu. Waya a kunne, Sango, yaren mutanen garin nan, na zuba kamar ruwan indararo, tana miƙa wa mutane burodi tsirara, ko 'yar takarda babu. Marigayi surukinta da hannu biyu yake bayarwa.

Yau ma ɗacin nan.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Ban so rubuta wannan ba.

Sharafaddeen yana ciki da zubi na biyu, sai Amariya ce ta karya burodin farko. Ta ajiye mini gutsuren a gefen benci tana dariya da wayarta, kamar mai watsa wa kaji tsaba. Ko "Baba, ina kwana" babu. Na ɗauka na tauna. Kamar na tsotsi tsohuwar ƙusa.

Ɗantala mai shayi na bakin kasuwa, wanda ya fi kowa ɗiba, kuma sauran masu shayi ke bin bayansa, ya ce, "Malam Muhyiddeen, a loda?"

Da Sango na ba shi amsa, don ita ta ji da kyau. "Mapa so ayeke nzoni ape." Burodin nan ba shi da kyau. Ban tsaya nan ba. Na ce ko dai fulawar ta ruɓe a hanyar Kamaru, ko an haɗa ta da wani abu. Na ce da mai gidan yana raye da ba a fito da wannan gaban mutane ba.

 Amariya ta sauke wayar. Sharafaddeen ya fito, gumi na ɗiga, gari har gwiwar hannu. Ya matso kusa, ya rusuna, ya ce, "Baba, ga kunnena fa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Na miƙe na tafi. Gaskiya na faɗa. Haka na yi ta gaya wa kaina a masallacin Koudoukou, har huɗuba ta wuce ban kama komai ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ban fita ba. Ƙirji. Shayi ba burodi.

Laraba, 9 ga Oktoba

Hureira maƙwabciyata, wadda ke kawo mini abinci tun rasuwar mai ɗakina, ta zo da labari. Ɗantala ya koma babban gidan burodin da ke wajen unguwar Yakité, sauran masu shayi sun bi shi. A kasuwa kuma ana cewa Sharafaddeen yana cuɗa fulawa da garin gozo, wato na rogo, mai fumfuna, wai har wani yaro ya kwana yana amai.

Na ce ni ban faɗi haka ba.

Ta ce, "Baba, kai ka ce 'wani abu'. Su kuma suka raɗa masa suna."

Na aike ta ta sayo mini na Yakité ɗin, in ji abin da ake yi wa gudu. Fari tas, dogo, a cikin takarda mai tambari. Shi ma ɗaci. Ashe duk masu burodin garin nan sun lalace. Fulawa ɗaya suke saye, ai dole.

Asabar, 12 ga Oktoba

Hureira ta kawo kunun gyaɗa. Na kurɓa na ce ta ƙona gyaɗar. Ta karɓi ludayin ta ɗanɗana, ta dube ni, ta fita. Na ɗauka fushi ta yi. Sai ga ta da kwalbar zumar da mijinta ya kawo daga daji. Ta cika cokali, ta ce in buɗe baki, kamar ƙaramin yaro.

Ƙusa. Ƙusar nan dai.

Na yi ƙoƙarin gyara fuska amma ta riga ta gani.

"Baba, zuma ce fa."

Bayan ta tafi na gwada dabino. Na gwada ruwan randa. Na lashi sukari a tafin hannuna. Na daɗe zaune a bakin gado.

Litinin, 14 ga Oktoba

Asibiti. Ma'aikaciyar tana auna ni tana hira da wata ta taga. Da na yi mata bayani ta ce, "Ai ƙwayar nan tana yi wa wasu haka, baki ya koma kamar ƙarfe. Me ya hana ka faɗa tun farko, Baba?" Ta canza mini wata. Ta ce bakin zai dawo a hankali.

Me ya hana ni faɗa. Ai na faɗa. Gaban kwanduna na faɗa.

Talata, 15 ga Oktoba

Na sa hula zan je gidan burodi. Na kai bakin lungu, na hango rumfar, na dawo. Ƙafa ce, ina ji.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na hau babur zuwa bakin kasuwa wurin Ɗantala. Direban ya bi da ni cikin ramuka kamar buhun albasa.

Ɗantala na ganina ya fara. "A'a! Babban alƙali da kansa! A ba Malam kujera kada ya yanke wa shayina hukunci." Mutanen teburin suka yi dariya. Ya haɗa mini mai madara, ya ƙi karɓar komai.

Na jira aka ragu, na gaya masa duka: ƙwayar, zumar, abin da aka ce a asibiti. Ya saurara yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi. Ya ce, "Wallahi Malam, ni ma ran nan na ci a hanya, ban ji komai ba. Amma na ce wane ni in musa wa bakinka."

Na ce to ya koma.

Ya sosa ƙeya. Ya ce na Yakité har teburinsa suke kawo masa a babur, ba ya tashi da duhu, ba ya taka caɓi, abin da ya kwana kuma su karɓa su canza. "Kuma masu shan shayina sun ji maganar gozo. In suka ga burodin Sharafu a nan, ni za su gudar wa. Ka san mutanenmu."

Na san su. Ni na koya musu jiran bakina.

Da zan tafi ya ce ya ji yayan Sharafaddeen da ke Garoua-Boulaï, can bakin iyakar Kamaru, yana ta kiransa ya rufe ya taho, akwai wurin aiki. Ya faɗa kamar labarin ruwan sama.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na je.

Bencin na nan, an jingina buhunan gawayi a kansa. Babu kwando ko ɗaya. Burodin da ke kan tebur bai kai rabin na da ba. Mata biyu ne kawai, sai wani mai babur da ke jiran fasinja.

Amariya na ganina ta kife wayar. Ta miƙe tsaye. "Barka da asuba, Malam. Guda nawa za a ba ka?" Da Hausa, tsaf. Ta naɗe shi a takarda mai tsabta, ta miƙo da hannu biyu, har da ɗan rusunawa. Duk abin da na yi ta gunaguni a kansa, yau an yi mini shi cif. Malam. Yarinyar da ni na yi mata waliyyi ranar ɗaurin aurenta, da babanta ya maƙale a Cadi.

Na juya wajen titi, na ɗaga murya iyakar abin da ƙirji ya yarda. Da Sango na yi, tunda da shi na ɓata. Na ce burodin gidan nan lafiyarsa lau, bakina ne ba shi da lafiya, magani ne ya juya mini harshe, babu gozo babu komai, ni Muhyiddeen na yi kuskure. Tari ya sarƙe ni a tsakiya. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Allah Ya ba da lafiya, Baba," ta karɓi burodinta ta wuce. Mai babur ya yi murmushi, ya samu fasinja.

Ran nan rumfar cike take. Yau mutum uku.

Sharafaddeen ya fito daga baya. Ya rame. Ya kawar da buhu ɗaya ya zaunar da ni, ya kawo ruwa. Na fara magana, ya ce, "Na ji, Baba. Daga ciki na ji." Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Haba Baba, Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Yana kallon ƙasa. Na tambaye shi maganar Garoua-Boulaï. Ya ce wuta na jiransa, kada zubin ya ƙone, amma zai shigo gida ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, mu zauna sosai, in sha Allah.

Bai karya mini komai ba. Ban kuma tambaya ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Babban ɗana ya kira daga Kamaru. Lafiya, lafiya, yara na gaisuwa, layi ya yanke. Ban gaya masa ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Da safe na ji gishiri a bakina, kaɗan, a gefe ɗaya. Na bi layin masu shayi na kan titin Koudoukou ɗaya bayan ɗaya, iyakar inda ƙafa ta kai. Kowa ya karɓe ni da mutunci, kowa ya ce Allah Ya ƙara sauƙi. Ɗaya ya ce zai duba. Ɗaya ya ce shi bai ma san ni na fara maganar ba, a wurin matarsa ya ji.

Na dawo a gajiye. Ƙafa ta sake hawa.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Jiki da dama. Na yi sallah a sahun baya kusa da ƙofa, don in riga cunkoso fita. Ban hango shi ba, amma masallacin babba ne.

Na share ɗaki da kaina, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na hura gawayi na ɗora buta. Na shirya abin da zan ce: in zai yarda, in riƙa zama a teburin sayarwa da safe, ba don ɗanɗano ba, don dai mutane su gan ni ina ci.

Hureira ta kawo tuwo da miyar karkashi. Ta tsaya tana jira, kamar yadda ta saba, ta ji abin da zan ce. Na kai loma. Na tambaye ta yadda ita ta ji miyar. Ta yi dariya ta ce, "Yau kuma?" Ta ce ta ɗan yi yaji. Na ce to, haka ne.

Tana kwashe kwanuka ta ce ta biyo ta gidan burodi da hantsi, ta ga ana loda itacen tanderu a kura ana fita da shi. Fita, ba shiga ba. Na ce wataƙila jiƙewa ya yi, za a canzo busasshe. Damina ce. Ta ce wataƙila.

Ruwan butar ya ƙone, na ƙara. Aka kira La'asar, na yi ta a ɗaki, ƙofa a buɗe, don kada ya yi sallama ba kowa. Wani ya taho a lungu da takalmi mai ja, na gyara hula. Mai gyaran rediyo ne.

An kira Magariba. Na zuba shayin a kofi ɗaya.

Sharafaddeen bai zo ba.